Tambaya da Amsa: Sake Gina Unguwa da Tada Kasuwanci Bayan Iftila'i

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suka zo: yadda mutanen unguwa za su riƙe ragamar sake gina wurinsu bayan ambaliya, gobara ko girgizar ƙasa, da yadda masu shaguna da masu sana'a za su miƙe. Masu tsara birane da masu ba ƙananan 'yan kasuwa shawara ne suka haɗu suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun sakaya sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ambaliya ta rushe mana gidaje da shaguna masu yawa. Yau mako biyu da janyewar ruwa. Hukumar tsara birane ta ce kowa ya dakata da gini, tana shirya sabuwar taswira. Mu zuba ido ne, ko akwai abin da za mu fara?
Daga magatakardan wani kwamitin unguwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar muku da mafi alheri. Ku dakata da gini kamar yadda aka ce, amma kada ku dakata da shiri, domin a watannin farko ake yanke manyan hukunce-hukunce, daidai lokacin da mutane suke warwatse a sansani da gidajen 'yan'uwa. Girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan ran 17 ga Janairu 1995, ta kashe mutum fiye da 6,400. Ran 17 ga Maris, wata biyu cif, hukuma ta amince da taswirar sake gina unguwannin da suka ƙone. Jama'a suka yi ca, sai da aka koma tsari mai hawa biyu: hukuma ta zana manyan hanyoyi da iyakokin aiki, majalisun unguwa kuma su tsara lunguna da filaye tare da ƙwararrun da birnin ke biya. A New Orleans ta Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, wata taswira ta fito a Janairun 2006 da korayen da'irori a kan unguwannin da ake tunanin mayarwa fili. Mutanen unguwar Broadmoor suka bi mazauna ɗaya bayan ɗaya, suka ƙirga masu niyyar dawowa, suka rubuta nasu tsarin. Unguwar tana nan har yau.

Abu na farko shi ne rajista. Ku raba unguwa gida 20 zuwa 30 ga kowane mutum biyu, mace da namiji, don akwai abin da matar gida ba za ta faɗa wa namiji ba. Kowane gida a rubuta yawan mutane, mai gida ne ko ɗan haya, inda suke zaune yanzu, lambar waya, irin ɓarnar, sana'ar da ake yi a gidan, da ko suna da niyyar dawowa. Kada ku tsallake sana'ar cikin gida. Mai ɗinki da keke ɗaya a ɗaki 'yar kasuwa ce, kuma irinta ne ke fara faɗuwa daga jerin tallafi. In an gama, a liƙa jerin a bainar jama'a kwana 14, kowa ya duba ya yi gyara, a sa hannu, a ajiye kwafi a wuri uku.

Na biyu taswira, kuma wannan ba ya jira. Ruwa yana barin shaida a bango, wani zare na laka da tarkacen ciyayi, wanda ruwan sama ɗaya ko fenti zai shafe. Ku auna tsayinsa daga ƙasa da awon tef, ku rubuta santimita nawa da fenti a jikin bangon, ku ɗauki hoto da waya. Ku buga hoton unguwar na tauraron ɗan'adam a babbar takarda, ku zuba waɗannan awon a kai, ku nuna ta inda ruwa ya shigo, kwalbatin da ta toshe, inda ya kwanta kwana da kwanaki. Dattawa su nuna tsohuwar hanyar ruwa da aka cike aka yi gini a kai. Injiniya zai yi wata guda bai gano abin da za su nuna masa da sanda cikin sa'a ɗaya ba.

Sannan kwamiti. Mutum 11 zuwa 15 sun isa, da kujerun da aka ware wa mata, 'yan haya, masu shaguna, matasa da masu buƙata ta musamman. Zaɓe a fili, wa'adin shekara ɗaya, asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta shiga da fita a kowane taro. Kwamitin da masu manyan filaye kaɗai suka cika, tun ba a je ko'ina ba yake rasa amincewar mutane.

Tambaya: Takardun filayenmu sun tafi da ruwa, katangu sun faɗi, har an fara sa-in-sa a kan iyaka. Yaya za a yi?
Daga wani dattijo mai gida.

Amsa: Baba, wannan a warware shi kafin a sa bulo ɗaya. Hanyar da aka bi a lardin Aceh na Indunusiya bayan tsunami (ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa) na 26 ga Disamba 2004 ita ce mafi dacewa, don can ma takardu sun lalace, iyakoki sun shafe. Maƙwabta ne suka fara zama. Kowane mai fili ya kafa turaku a kusurwoyinsa a gaban waɗanda yake iyaka da su, aka zana a takarda, duka suka sa hannu tare da shugaban gari. Bayan nan ne safiyo na hukuma ya zo ya auna, aka ba da sabuwar takarda. Filayen marayu kuwa kotunan Shari'a ne suka tabbatar da magada da masu riƙo.

Ku yi amfani da turakun kankare ko ƙarfe, na itace ana tuge su da dare. Ku nemi tsohon harsashin gini a ƙarƙashin laka, yakan raba gardama. Filin da mai shi ya rasu ko ba ya nan, a shata shi a rubuta cewa ana jira, kada a raba. Inda aka kasa daidaitawa, a ware wannan fili kaɗai a kai shi gaba, sauran aiki ya ci gaba. Kuma a yi hattara da dillalan da ke zuwa da kuɗi a hannu a irin wannan lokaci. Shawararmu kwamiti ya roƙi mutane kada kowa ya sayar sai taswira ta fito, don filin da aka saya yau da arha zai yi tsada da zarar an shimfiɗa hanya.

Tambaya: An ce za a faɗaɗa lungunmu a kuma tashi waɗanda ke bakin rafi. Wa zai ba da fili, kuma ina za a kai mutane?
Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, faɗaɗawar tana da dalili. Motar kashe gobara da motar asibiti suna buƙatar sarari kamar mita 4. A Japan ma doka ba ta yarda a gina gida a birni ba sai filin ya taɓa hanya mai faɗin mita 4. Matsalar ita ce idan aka ja layi kawai, mutum goma su rasa rabin gidajensu, sauran su ci moriyar hanya ba su ba da komai ba.

Akwai hanyar da ta fi adalci: a haɗa filayen a lissafi ɗaya, kowa ya ba da kaso, a sake yanka su. Ga misali. Fuloti 60, kowane murabba'in mita 150, jimla 9,000. Ƙara mita 2 a lungu mai tsawon mita 200 zai ci 400. Magudanar ruwa da ɗan filin taruwa su ci 500. Jimla 900, wato kashi 10 cikin 100, kowa ya ba da murabba'in mita 15, iyakoki su ɗan gusa. Da irin wannan aka sake tsara tsohon garin Bhuj na Indiya bayan girgizar ƙasa ta 26 ga Janairu 2001, kuma an sassauta wa ƙananan filaye, manya suka ba da kaso mafi yawa. Ku nace a kan wannan sassaucin, don in aka yanki fili ƙarami da kaso ɗaya da babba, abin da zai rage ba ya ginuwa. Aikin yana cin lokaci, sai an haɗa da haƙuri.

Magudana kuwa daga mafita ake fara ta, a yo sama. Unguwar da ta gyara lambatunta ba ta duba inda ruwan zai zube ba, ta tura ambaliyar ne ga maƙwabtanta na gangare. Daɓen sabon gini ya ɗara shaidar ruwan nan da kuka auna da santimita 30 zuwa 50.

Batun tashin mutane ya fi nauyi. Akwai wurin da zama a cikinsa kasada ce da rai, kamar tsakiyar hanyar ruwa ko gindin tudun da ke zaftarewa, kuma ba ma goyon bayan a koma can. Sai dai layin da aka ja daga ofis yakan wuce gona da iri. Siri Lanka ta hana gini cikin mita 100 daga bakin teku a kudu, mita 200 a gabas da arewa, bayan tsunami na 2004. Aka kai masunta nesa da jiragensu, gini ya tsaya cik, kafin ƙarshen 2005 gwamnati ta sassauta dokar. Kafin ku yarda da sabon matsuguni ku tambaya: tafiyar minti nawa ce zuwa inda mutane ke neman abinci, akwai ruwa da makaranta tun kafin a tare, kuma 'yan haya suna cikin lissafi? Wurin da aka tashi mutane a ba shi aiki nan take, filin wasa ko lambu, in ba haka ba cikin shekara biyu wasu za su gine shi.

Tambaya: Gobara ta cinye kasuwarmu, an killace wurin, an ce gini zai ɗauki shekara biyu. An ba mu fili a bayan gari mu zauna kafin nan. Mu karɓa?
Daga shugabar wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. In da hali kada ku karɓi bayan gari. Abin da ke kashe ƙaramin kasuwanci bayan iftila'i shi ne tsawon rufewa da rabuwa da masu saye. Wanda ya saba sayayya wurinki, in ya yi wata uku yana zuwa wani wuri, ya zama na can. Ku nemi fili mafi kusa da tsohuwar kasuwa, inda za a iya takawa cikin minti goma, ko da ƙarami ne: wurin ajiye motoci, gefen wata hanya da za a rufe, ko fulotin da aka kwashe ɓaraguzansa.

Kuma ku ɗauka cewa shekara biyun nan za ta iya ninkawa. A Christchurch ta Niyu Zilan, bayan girgizar ƙasa ta 22 ga Fabrairu 2011, shingen da aka sa wa tsakiyar birni bai gama ɗagewa ba sai Yunin 2013. Kasuwar kwantena mai suna Re:START da aka buɗe a Oktoban 2011 da shaguna 27 ta yi aiki har Janairun 2018. A garin Minamisanriku na Japan, bayan tsunami na Maris 2011, kasuwar wucin-gadi ta buɗe a Fabrairun 2012, ta dindindin sai Maris 2017. Saboda haka a gina ta wucin-gadin da kyau.

Kwantena ƙarama tana da tsawon mita 6 da faɗin kusan mita 2 da rabi, ana iya raba ta shago biyu. A ɗora ta a kan dungun kankare a kusurwa huɗu don kada ruwa ya ci gindinta. A yi mata rufin kwano na biyu a sama, da tazarar kamar santimita 30 don iska ta ratsa, in ba haka ba zafi zai lalata kaya ya kori masu saye. Duk inda aka yanka ƙofa ko taga, mai walda ya zagaye wurin da ƙarfe, don yankan yana raunana bangon. Wayarin ya bi ta cikin bututu, kowane shago da abin katse wutarsa, jikin kwantenar kuma a haɗa shi da wayar ƙasa, tunda ƙarfe ce gaba ɗayanta. Layuka su kai faɗin mita 3, a bar mafita biyu aƙalla, janareta da man fetur a can gefe. Ruwa, banɗaki na mata daban, fitila da mai gadi, duk a tanade su kafin ranar buɗewa. Ku zauna layi-layi yadda kuke a da, masu kaya iri ɗaya wuri ɗaya, don haka masu saye suka san ku. A raba rumfuna da ƙuri'a a gaban kowa.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne takarda. Kafin ku matsa ko taku ɗaya, a rubuta a sa hannu: sunan duk wanda ke da rumfa ranar gobarar, har masu haya da masu kasa kaya a ƙasa, cewa su ne za a fara ba wuri a sabuwar kasuwa, girman rumfa, da iyakar kuɗin haya na shekarun farko. A unguwar Shin-Nagata ta Kobe, bayan girgizar ƙasa ta 1995, an share kusan hekta 20 an yi manyan benaye masu shaguna hawa-hawa. Aikin ya ci kusan shekara 30, tsoffin masu shaguna da yawa suka sha wahalar kuɗin kula da gini, shaguna da dama suka zauna a rufe. In aka nuna muku zanen bene mai kyau, ku tambayi abin da rumfa ɗaya za ta ci a wata, ku gwada da cinikinku.

Tambaya: Kayan shagona da injina duk ruwa ya shiga. Banki ya ce zai ba ni rance mai sauƙi, alhali ban gama biyan na baya ba. In karɓa? Kuma ba ni da rasit na nuna asara.
Daga wani mai ƙaramar masana'anta.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da injinan: kada ka kunna ko ɗaya don gwaji. Laka da danshi suna cikin kwayil, wuta na shiga zai ƙone, injin da zai gyaru da wanki ya koma sai an sake naɗi. A kwance, a wanke da ruwa mai tsabta, a busar sosai, a canja boris da man giya, mai gyaran lantarki ya gwada da na'urar awo kafin a jona. Kada ka zubar da komai sai ka ɗauki hotonsa da lambar jikinsa.

Rashin rasit ba ya hana shaida. Waɗanda kake sarin kaya wurinsu suna da littafi. Akwai bayanan shiga da fitar kuɗi a wayarka da asusunka, takardar wuta, tsoffin hotuna, da shaidar maƙwabta biyu da ƙungiyarku ta sa wa hannu. Ka raba asarar gida uku: gini, injina, da kayan sayarwa.

Game da rance, ka fara zama da masu tsohon bashin ka nemi a ɗage biya wata 6 zuwa 12, a rubuce. Bashi a kan bashi ya durƙusar da mutane da yawa a Japan bayan tsunami na 2011, suna biyan kuɗin ginin da ruwa ya tafi da shi da na sabon. Sannan ka yi lissafi da rabin cinikinka na da, don masu sayenka ma sun yi asara. In ribarka ta wata 90 ce, ka ɗauka 45, kada biyan bashi duka ya wuce 15. In lissafin bai fita ba, rancen ya fi ƙarfinka ko yaya sauƙinsa.

Abin da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi buƙata a farko tallafin jari ne wanda ba a biya. Wani bincike da aka yi a Siri Lanka bayan tsunami ya gano cewa waɗanda aka ba ɗan jari sun koma ribarsu ta da kusan shekara biyu kafin sauran, kuma abin ya fi tasiri ga masu saye da sayarwa. Ku nema a ƙungiyance. Japan ta biya har kashi uku cikin huɗu na kuɗin gyara ga kamfanonin da suka haɗu suka kawo tsari ɗaya, ko da yake wasu sun gina abin da ya fi cinikinsu, ragowar kason ya zame musu nauyi. Niyu Zilan kuwa, bayan girgizar ƙasa ta Christchurch ta 2011, albashi ta tallafa wa: dala 500 ta ƙasar a mako ga kowane cikakken ma'aikaci, na mako shida a karon farko. Wannan dabara ce mai kyau, don ƙwararren ma'aikaci in ya tafi, samun madadinsa ya fi sayen inji wuya. Ka fara da inji ɗaya da kayan da suka fi fita, ka ƙara daga riba.

Tambaya: Shagona ya tsira, amma tunda aka fara rabon kayan agaji kyauta ciniki ya mutu. Ina jin kunyar yin magana.
Daga wata mai shagon kayan masarufi.

Amsa: 'Yar'uwa, babu abin kunya, maganarki gaskiya ce, kuma masu aikin agaji sun san da ita. A kwanakin farko rabon kaya dole ne. Da zarar hanya ta buɗe kuma 'yan sari suna iya kawo kaya, ya kamata a koma ba mutane kuɗi ko katin sayayya da za su kai shagunan unguwa. Ku haɗa jerin shagunan da ke aiki, abin da kowa ke iya kawowa a mako da farashinsa, kwamiti ya kai wa masu agajin. Ku sa sharaɗin a biya ku cikin kwana 7 zuwa 14, don jarinku ba zai jure jiran wata biyu ba. Ku kuma ku riƙe amana a farashi, shago ɗaya da ya tsawwala zai sa a janye tsarin daga kowa. Haka nan aikin kwashe ɓaraguzai, buga bulo, ƙofofi da tagogi: a nemi a yanka kwangilar ƙanana-ƙanana yadda birkila, kafinta da mai walda na unguwa za su iya ɗauka.

Tambaya: An kira mu taro sau uku, mun faɗi ra'ayinmu, an rubuta. Taswira ta fito babu ko ɗaya a ciki. Me ya rage?
Daga wani matashi ɗan kwamiti.

Amsa: Ƙanenmu, hakan na faruwa ko a inda aka yi taro da gaske. Majalisar birnin Christchurch ta tattara shawarwari kusan 106,000 daga jama'a a 2011, sai gwamnatin ƙasa ta karɓi aikin ta fitar da nata zanen a 2012, mutane da yawa suka ji an yi ba da su ba. Jin ra'ayi daban, ikon yanke hukunci daban.

Yawancin dokokin tsara birane suna ba da wa'adin ƙorafi bayan an baje taswira. Ku nemi sanin ranar da zai cika tun yau. Ku shigar da ƙorafi a rubuce, ku karɓi kwafi mai hatimi. Kada ku ce ba ku yarda ba kawai. Ku kai zanenku, da rajista da awon ruwa a bayansa, ku nemi injiniya ko malaman sashen tsara birane na wata jami'a su duba muku. Ku zaɓi abu uku da ba za ku bari ba, sauran ku sassauta. Ku nemi kujera biyu a kwamitin da ke sa hannu kafin a biya ɗan kwangila, da allo a bakin aiki mai nuna kuɗin kwangila, sunan mai yi da ranar gamawa. Duk taron da za a sake yi, a sa shi a lokacin da masu shago da mata za su iya zuwa, a aika wa waɗanda ke gudun hijira sanarwa ta waya kwana bakwai kafin ranar, kuma kada a tashi sai an karanta abin da aka amince a kai, ɓangarorin biyu sun sa hannu.